Amsa ga ƙanwarmu da ta gaji da hidimar da ba a gode mata

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na karanta tambayarki tun daren jiya, sai da na kwana da ita kafin in amsa. Kin ce shekara uku kina kai wa marasa lafiya abinci, kina ba da rance ba a biya, matar da kika taya jinyar ɗanta yanzu ko gaisuwarki ba ta amsawa, ga maigida ya fara ƙorafi. Kina tambaya ko sadaukar da kai na Kirista yana nufin ki zama tabarmar kowa, ko kuwa ki haƙura ki daina.

Ni na haura shekara 25 a zumuntar mata a nan Damagaram, kuma na sha wannan gajiyar. Da na zauna na duba tawa da kyau, na gane ba ɗaukar kwano ne ya gajiyar da ni ba. Lissafi ne. Ina da wani littafin bashi a zuciya: wance na kai mata kunu kwana tara, wane na ba shi jaka biyar. Kowa na gani sai in buɗe shafinsa. Hausawa sun ce so duka so ne amma son kai ya fi, ashe son kan nawa ya ɗaura zanen hidima ne kawai ya biyo ni.

Ranar da littafin nan ya yage ba zan manta da ita ba. Juma'a ce, 16 ga Janairu 2015, da zanga-zangar zanen ɓatancin jaridar Faransa ta rikiɗe, aka ƙone majami'u a garin nan, washegari abin ya kai Yamai. Ɗaruruwan 'yan uwa a barikin soja suka sami mafaka. Mu kuwa maƙwabciyarmu ce, wata Hajiya, ta jawo ni da yara uku ta saka mu a ƙuryar ɗakinta, ta zauna a bakin ƙofa da carbinta. Matar nan ko gishiri ban taɓa aika mata ba, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Cikin yaran da suka wuce da ihu kuwa, ta tagar ɗakin na hangi wani da na yi shekara biyu ina zuba wa tuwo tare da 'ya'yana. Inda na shuka ban girba ba, inda ban shuka ba nan aka rufa mini asiri.

Kada ki ɗauka na zama waliyyiya daga ranar. Watanni na yi ba na iya kallon ƙofar gidansu yaron. Sai zafi ya shigo, kin san garinmu da ƙishirwa, famfo ya yi kwanaki ba ɗigo, 'yan ga-ruwa suka tsawwala kuɗi, uwarsa kuma tana kwance ba mai ɗebo mata. Na aika mata bido biyu da ɗana, raina a ɓace, ina gunaguni har yaron ya dawo. Ba su ce an gode ba. Na sake aikawa bayan kwana biyu, abin da ya ba ni mamaki shi ne na biyun ya fi na farkon sauƙi.

Ki buɗe Luka 17. Kutare goma Yesu ya warkar, mutum ɗaya ne ya dawo da godiya, shi ma Basamariye. Yesu ya tambaya ina sauran taran, wato abin ya taɓa shi, amma bai karɓe warkarwar ba. Mu da muke da unguwar Kara-Kara, wadda asalinta wurin ware kutare ne, ai labarin nan a ƙofar gidanmu yake. A Yahaya 13 kuma, lokacin da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, Yahuza, wanda ya ci amanarsa, yana cikinsu, kuma ya san abin da zai yi masa a daren. To in Ubangiji ya samu ɗaya cikin goma, ni wace ce da zan jira goma cif?

Amma batun maigidanki, nan kam ba zan goyi bayanki gaba ɗaya ba. In kuɗin cefane kike ɗiba ki ba da rance ba da saninsa ba, yana da gaskiya. 1 Timoti 5:8 ta yi magana mai zafi a kan wanda bai kula da mutanen gidansa ba. Na taɓa barin 'yata da zazzaɓi na tafi jinyar wata, ina jin kaina gwarzuwa, har yau in na tuna kunya nake ji. Ku zauna ku yanke abin da gidan zai iya fitarwa a wata, ko jaka biyu ce, a san da ita. Rance kuma, shawarata ki rage shi. Abin da za ki iya bari har abada, ki ba da shi kyauta a wuce wurin. Wanda ba za ki iya bari ba, ki ce babu, ba zunubi ba ne. Rance ya kashe mini zumunci fiye da rowa.

Sannan me ya sa ke kaɗai? A Markus 6 Yesu da kansa ya ce wa almajirai su keɓe su huta, don ko sukunin cin abinci ba su samu ba. A Ayyukan Manzanni 6, da rabon abincin gwauraye ya jawo gunaguni, mutum bakwai aka zaɓa aka ɗora musu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani lokaci ƙin neman taimako ma girman kai ne, muna so a ce wance ce mai yi.

Mu yanzu mu shida ne, mun raba kwanaki. Waɗanda muka fi nema su ne masu jinya a asibiti da suka zo daga Tanut, Gure ko ƙauyukan Magarya, ba su san kowa a gari ba, guzurinsu ya ƙare suna kwana a tabarma a waje. Ba ma tambayar addinin kowa, yawancinsu ma ba mu ƙara ganinsu. Kunu ne da safe, sabulu, wani lokaci kuɗin kabu-kabu zuwa tasha.

Ki huta sati biyu tukuna, ki yi magana da maigida. In ya yarda, ranar Alhamis ba mu da kowa tun da ɗaya daga cikinmu ta haihu. Ba sai kin zo da komai ba, hatsin kunun yana wurina.