Amsa kan "suggest me to go"

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa malaminku ya ja jan biro a kan "he suggested me to go" alhali "he advised me to go" ta wuce lafiya. Gaskiya ba wata doka ba ce da za ka haddace, kowane aikatau a Turanci yana da abokan tafiyarsa ne kawai. "Advise" na karɓar mutum sannan "to", amma "suggest" sai dai "that" ko "-ing", wato "he suggested that I go". Nima na sha wannan dukan a makaranta wallahi.

Yadda masana suka gano kuwa, rumbun rubutu suka tara a kwamfuta, jaridu, littattafai, har hirar baka, sai su nemo kalma su ga me ke biye da ita sau dubbai. Masanin harshe John Sinclair ya yi wannan aikin a Jami'ar Birmingham, daga nan ƙamus ɗin COBUILD ya fito a 1987. Akwai kuma BNC, wani rumbun rubutun Turancin Birtaniya mai kalma miliyan 100.

Shiga COCA, rumbun rubutun Turancin Amurka, a intanet, ka yi rajista kyauta, ka rubuta "suggest" ka kalli layukan da kanka, zaka ga "that" na ta maimaituwa kamar me.