Peugeot 504 mai buɗaɗɗen rufi: ina daɗinta yake, kuma me mai saye zai duba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Kaduna ne, amma aiki ya zaunar da ni a birnin Lyon na ƙasar Faransa. A cikin Peugeot 504 ta mahaifina na tashi, sai kwanan nan na ga ana sayar da wata 504 mai ƙofa biyu wadda ake naɗe rufinta, ƙirar 1972, mai injin lita 2. Kuɗin da aka sa mata ya isa in sayi mota ta zamani mai lafiya, abokaina kuma suna cewa almubazzaranci ne kawai. Mene ne ainihin daɗin mallakar irin wannan mota da tuƙa ta? Sanin da na yi wa 504 ta gida zai amfane ni? Kuma ina tunanin wata rana in kai ta Najeriya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Daɗin da kake tambaya a kai na gaske ne, sai dai ba a wajen gudu yake ba, kuma gara ka san haka tun kafin ka je ganin motar. Injin lita 2 na wannan zamanin ƙarfin doki 104 yake bayarwa, yana ɗaukar fiye da daƙiƙa goma kafin ya kai motar gudun kilomita 100 a awa, abin da ƙaramar motar iyali ta yau take yi ba tare da ta wahala ba. Idan da sauri da sanyin ɗaki da kwanciyar hankali za a auna, abokanka sun fi ka hujja. Abin da wannan mota take sayarwa shi ne tuƙin kansa, wato direba ya ji hanya da iska da inji a jikinsa, alhali motocin zamani an ƙera su ne don su raba shi da waɗannan abubuwa.

Ya kamata ka san abin da ke gabanka. Peugeot ta fito da 504 mai ƙofa huɗu a 1968, ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A watan Maris na 1969 ɗin ne aka nuna mai ƙofa biyu mai rufin ƙarfe da mai buɗaɗɗen rufi a bikin baje kolin motoci na Geneva. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana su, shi ne kuma yake haɗa bodinsu a kusa da birnin Turin, sannan a mayar da su masana'antar Peugeot da ke Sochaux a ɗora musu inji. An rage tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya daga mita 2.74 zuwa 2.55. Daga 1969 zuwa 1983, masu buɗaɗɗen rufi kimanin dubu takwas kacal aka ƙera, a cikin miliyoyin 504 da suka cika duniya, kuma wannan ƙarancin ne babban dalilin tsadar da ka gani. Ƙirar 1972 tana cikin rukunin farko, mai fitilun gaba huɗu a rarrabe da ƙananan fitilun baya uku a karkace ta kowane gefe, kuma a ganina ita ce mafi kyan fasali a cikinsu duka.

Daɗin yana farawa ne tun kafin ka tayar da inji. Za ka saki makullan da suka riƙe rufin a saman gilashin gaba, ka tura shi baya da hannu ya naɗe a bayan kujeru, ka rufe shi da mayafinsa. Da zarar ka zauna, sai ka ga babu komai tsakaninka da sararin sama, ƙarafan da suka riƙe gilashin gaba kuma sirara ne, saboda haka kana ganin kowace kwana tun daga nesa. Sitiyarin yana da nauyi sa'ad da motar take tsaye, sai ka sa hannu biyu kafin ka fita daga wurin ajiya, amma tana fara tafiya yake sakin jiki, ya riƙa gaya wa tafin hannunka ko kwaltar santsi gare ta ko tsakuwa. Giya huɗu ce a ƙasa, kai ne kake yanke shawarar lokacin da za ka canza, da kunnenka kake sanin lokacin ya yi, domin ƙarar salansa a bayanka take zuwa kai tsaye, ba ta cikin rufaffen ɗaki ba.

Sai kuma abin da ba ya misaltuwa ga wanda bai taɓa shiga buɗaɗɗiyar mota ba, wato yadda ƙasar da kake ratsawa take shigowa inda kake. Idan hanya ta gangara kusa da rafi, za ka ji sanyi ya sauka a wuyanka kafin ka ga ruwan. Idan ka wuce gonar da aka yanke ciyawa, ƙamshinta zai bi ka har kwana ta gaba. Idan ka shiga tsakanin duwatsu, ƙarar injinka za ta dawo maka daga bango. A gudun kilomita 70 ko 80, wanda a motar zamani yake sa gyangyaɗi, kai a farke kake sarai, hannu da ƙafa da ido duk suna aiki. Wannan shi ya sa nake ganin tsohuwar mota mai matsakaicin ƙarfi ta fi mai ƙarfin gaske daɗi a hanyar jama'a: kana iya amfani da yawancin abin da take da shi ba tare da ka karya doka ko ka jefa kowa cikin haɗari ba. Kai kuwa Allah ya zaunar da kai a wurin da ya dace, tun da tsaunukan Vercors da Chartreuse ba su da nisa da Lyon, ga kuma hanyar Napoléon da ta tashi daga Grenoble ta gangara har bakin Bahar Rum. A babbar hanya mai gudun kilomita 130 a awa kuwa, iska da ƙara za su gajiyar da kai cikin awa guda, kuma giya huɗun nan za ta sa ka yi ta marmarin ta biyar, wadda sai a ƙarshen zamanin ƙirar aka sa wa masu lita 2.

Kada kuma ka zaci motar tsere ce irin MGB ta Ingila ko Alfa Romeo Spider, waɗanda suke ƙanana kuma sun fi son a matsa musu a kwana. Ita 504 ta gaji laushin tafiyar gidansu: kowace taya tana da nata motsin, birkin faifai ne a ƙafafu huɗu, tana shanye gargada, tana ɗan kwantawa a kwana. Motar doguwar tafiya ce cikin natsuwa. Ƙwarinta dai ba abin musu ba ne, tun da 504 mai ƙofa huɗu ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, mai ƙofa biyu mai injin V6 kuma ta ci a 1978.

Daɗin mallaka daban yake da na tuƙi. Faransawa suna ƙaunar wannan mota, saboda haka ka shirya wa gaisuwa da tambayoyi a gidan mai da bakin kasuwa, ga ƙungiyoyin masu tsofaffin Peugeot da suke haɗuwa suna taimakon juna da shawara da kayan gyara. Idan ka buɗe bonet kuma, za ka ga inji a fili, wanda mutum zai iya canza masa fulogi da baƙin mai da bel a garejin gidansa ba tare da kwamfuta ba. Ga mutane da yawa wannan ɗawainiyar rabin jin daɗin ce. Wanda yake ganin ta a matsayin wahala, to gaskiya wannan mota ba tasa ba ce.

Game da sanin da ka yi wa 504 ta gida, zai amfane ka a wani ɓangare, zai kuma iya yaudararka a wani. Injin ɗan gida ɗaya ne da wanda kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, ya riƙa ɗora wa motocin da ya fara haɗawa a Kakuri da ke Kaduna tun 1975, kuma juriyar da ka sani tana nan. Amma yawancin na gida kafireta gare su, ita kuwa wannan famfon feshin mai gare ta na Kugelfischer, irin wanda BMW ta sa wa 2002 tii. Na'ura ce mai aminci idan an saita ta daidai, sai dai masu iya saita ta sun yi ƙaranci, kuma ba abin da za a bar wa mai gwaji ba ne. Ka nemi a tayar maka da injin yana sanyi, ka saurari ko yana tsayawa daram ba tare da an taka totur ba, sannan ka sake tayar da shi bayan ya yi zafi.

Babban abin tsoro dai shi ne bodi, kuma a nan ne 504 ta gida ba za ta taimake ka da komai ba, domin ƙofa da bonet da fuka-fukan wannan duk nata ne ita kaɗai, ba sa shiga na mai ƙofa huɗu. Ƙarfen wancan zamanin ba a kare shi daga tsatsa yadda ake yi yau ba, ga gishirin da ake watsawa a hanyoyin Turai lokacin ƙanƙara. Motar da ba ta da rufin ƙarfe kuma, ƙarfinta duka yana ƙasa ne, a daɓenta da dogayen ƙarafan da suke ƙarƙashin ƙofofi, saboda haka idan tsatsa ta ci waɗannan, motar lanƙwasa take yi a tsakiya. Sabon fenti mai walƙiya a kan irin wannan bodi kyan ɗan maciji ne. Ka ɗaga darduma ka taɓa daɓen da hannu ka ji ko da danshi, ka leƙa ƙasan but da bakin tayoyi da gindin gilashin gaba. Ka tafi da ƙaramin maganaɗisu ka bi ƙasan ƙofofi da shi: inda ya ƙi kamawa, an cike rami ne da bodi-fila. Sannan ka sa a ɗaga motar da jak ta gefe ɗaya, ka buɗe ƙofa ka rufe. Idan ta cije ko tazarar bakinta ta canza, ka haƙura da ita komai sauƙin kuɗin, domin walda da aikin bodi na irin wannan mota a Faransa suna iya zarce kuɗin sayenta. Inji mai hayaƙi a cikin lafiyayyen bodi ya fi lafiyayyen inji a cikin ruɓaɓɓen bodi sauƙin magancewa nesa ba kusa ba.

Akwai abubuwan da dole ka karɓa. Ba ta da jakar iska, ba ta da birkin ABS, ba ta da ƙarfen kariya idan ta kife, kujerun baya kuma ƙanana ne, don haka ba zan ba ka shawarar ka mai da ita motar kai yara makaranta ba. Tana buƙatar gareji busasshe. Rufin ba a naɗe shi yana jiƙe, tagar robar da ke bayansa kuma tana dusashewa idan ana goge ta da busasshen tsumma. Wajen mai, ka sha fetur irin SP98, ka guji E10 wanda aka ƙara wa etanol, saboda yawan sinadarin etanol yana cin tsofaffin robobin layin mai. Dokar Faransa kuma ta ba motar da ta kai shekara 30 damar samun takardar rajista ta motocin tarihi, wadda take mayar da binciken lafiyar mota duk bayan shekara biyar maimakon biyu.

Maganar kai ta gida, sitiyarinta na hagu ya dace da hanyoyin Najeriya, kuma makanikan Kaduna sun san injin 504 ciki da bai. Amma sai ka fara bincikar dokar kwastam kan shekarun motar da ake shigowa da ita, ka kuma yi la'akari da cewa zafin rana da ƙurar hunturu za su taƙaita buɗe rufin zuwa sassafe da bayan la'asar, sannan duk ƙofa ko fitilar da aka buge sai an nemo ta daga Turai.

Shawarata ita ce, idan kana da wata motar ta yau da kullum, da wurin ajiya, da rarar kuɗin da za ka ware don gyara bayan ka biya ta, to ka je ka gan ta tare da wanda ya san 504 ƙirar Pininfarina, ka nemi takardun gyare-gyaren da aka yi mata da hotunan aikin bodi kafin fenti. Ka roƙi mai ita ya bar ka ka tuƙa ta rufi a buɗe, sannan rufi a rufe, a hanya mai kwana da gargada, ka kuma lura da yadda gilashin gaba da sitiyari suke girgiza idan ta faɗa rami: ɗan motsi kaɗan halin kowace buɗaɗɗiyar mota ne, amma girgiza mai yawa alama ce ta cewa ƙarafan ƙasa sun gaji.