Amsar tambaya kan rana da auna shekarun yashi

Assalamu alaikum jama'a. Malama, na saurari tambayarki: in ana gane shekarun yashi ta hasken da ke fitowa daga cikinsa, me ya sa ake ta gudun kada rana ta taɓa shi? To, ga yadda abin yake.

Ƙwayar yashi in tana binne, sinadaran da ke kewaye da ita, wato yuraniyam da toriyam da fotasiyam, suna ta harba mata wani ƙarfi da ido ba ya gani. Ƙarfin nan yana tunkuɗe ilektiron, wato 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu ɗauke da lantarki, su maƙale a 'yan ramukan cikin ƙwayar, kullum suna ƙaruwa. A ɗakin gwaji sai a haska mata shuɗin haske, su kuɓuce, ta ba da wani ɗan ƙyalli, a auna shi. Abin da ta tara a raba da abin da take samu duk shekara, shekarun sun fito. Ana kiran hanyar OSL a taƙaice da Turanci, wato auna ƙyallin da haske ya fitar, David Huntley da abokan aikinsa ne suka fito da ita a Kanada a 1985.

To ai abin da fitilar ɗakin gwaji ke yi, shi rana ke yi. Ƙwayar kwaz, ɗaya daga ma'adanan da ke cikin yashi, cikin 'yan daƙiƙu rana ta kwashe kusan duk abin da ta tara. Felsifa kuwa, wani ma'adinin na cikin yashi, takan ɗauki mintuna, wani lokaci fiye. Saboda haka abin da ake aunawa ba shekarun da yashin ya yi a duniya ba ne, a'a, tun yaushe rabonsa da ganin rana.

Nan ne ni nake ganin mutane ba sa kula sosai. Yashin da iska ta ɗauko ya sha rana ya ƙoshi kafin ya kwanta, wannan ba matsala. Amma ki ɗauki ambaliya da dare, ruwa ya yi jawur da laka, ya kwaso yashi ya jibge. Wasu ƙwayoyin ko ƙyallin rana ba su gani ba, sun shiga ƙasa da tsohon kayansu. In aka haɗa su duka aka auna, sai wurin ya fito ya girmi shekarunsa nesa ba kusa ba.

Haka ta faru a Jinmium, wata mafakar dutse ta mutanen da a Ostireliya. A 1996 aka ce mutane sun zauna wurin sama da shekara 116,000, da tsohuwar hanyar gasa yashin maimakon a haska shi. A 1998 Richard Roberts da tawagarsa suka bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi wurin bai kai shekara 10,000 ba. Ashe ɓurɓushin dutsen wurin ne, wanda bai sha rana ba, ya gauraya da yashin.

Wajen ɗibar samfuri kuma akasin haka ake tsoro. Rana ta leƙa, shekaru sun ragu. Shi ya sa ake kankare fuskar ramin, a buga bututun ƙarfe da guduma har ya cika dam, a toshe bakin nan biyu a naɗe da tef baƙi. Sai a ɗaki mai jar fitila dishi-dishi ake buɗewa, a ware na bakin bututun gefe, a yi aiki da na tsakiya. Don Allah Malama, in za ki ɗiba, kada ki zuba a farar leda, ko na minti ɗaya.