Dalilin da ya sa na bar dilar gwanjo mai araha

Ka tambaye ni muna kwashe kaya bayan la'asar: "Maigida, me ya sa ka bar dilar nan mai sauƙi ka ɗauki wadda ta fi ta tsada nesa, alhali nauyinsu ɗaya, kuma duka rigunan maza ne?" Gara da ka yi tambayar yanzu, ɗana, tun kuɗin da ake juyawa ba naka ba ne.

Fara da sanin hanyar da kayan suka biyo. Mutanen Ingila da Amurka da Kanada ke bayar da tufafinsu sadaka ga shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam da Goodwill. Shagon ya tsinci abin da zai iya sayarwa a can, sauran a sayar wa kamfanonin da ke tantancewa. Su ne ke warewa lamba ɗaya, lamba biyu, na maza, na yara, sannan inji ya matse su a ɗaure dila-dila, kilo 45 ko 55, wata har 100. Jirgin ruwa ya sauke a Kwatano ko Lome, domin gwanjo yana cikin kayan da gwamnatin Najeriya ta daɗe da hana shigo da su. Daga nan wasu su bi ta Legas da Aba, wasu su haura Nijar su sauko ta Birnin Konni da Illela, wasu kuma sai mun je Kofar Wambai a Kano mun saro. Kowane hannu da dilar ta ratsa ya ci nasa. Lokacin da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ka ga yadda kuɗin dila ya yi tsalle, ga naira ta faɗi, mu kuwa sefa da dala ke yanka mana farashi. To a irin wannan hali mutum ya zo maka da dila ƙasa da kuɗin kowa, tambayar farko ita ce: wa ya yafe ribarsa, kuma don me?

Waccan da na bari an taɓa fasa ta. Dilar da ta fito daga injin kamfani tauri gare ta kamar dutse, kusurwoyinta a tsaye, maɗaurinta ya nutse cikin buhun har ya bar shaida. Na sa gwiwa na danna waccan, sai ta lotsa. Na duba maɗaurin, ga tsohon sawu a gefe, ga sabon ɗauri bai hau kansa ba. Wani ya buɗe, ya tsame na kirki, ya cike gurbin da kwantan shagonsa ya sake ɗaurewa. Nauyi dai ya cika.

Yanzu yi lissafi da ni. A ce kowace dila riga 200 ce. A mai kyau, za ka sami kamar 50 da za a rataye a hanga, su kaɗai za su dawo maka da mafi yawan uwar kuɗi a makon farko. Wasu 100 matsakaita su cike sauran su kawo riba. Ragowar a kasa su a tabarma da yamma, ko nawa aka taya a sallama. A wadda aka tsame, waɗannan 50 ɗin ne babu. Za ka biya kuɗi kaɗan, ka zauna wata biyu kana korar ƙura daga kan kayan da ba mai tayawa, jarinka a kwance, abokan sana'a sun juya nasu sau uku. Abin da ya yi kwantai shi ke gaya maka ainihin kuɗin da ka sayi dila. Magabata sun ce araha ba ta ado.

Haka abin yake in tsinta ka je yi wurin wanda ya fasa. Wanda ya zo da sanyin safiya ya biya kuɗin zaɓin farko, sau da yawa shi ya yi sayayya mai sauƙi. In ka ɗaga riga, kada launi ya ɗauke maka hankali. Juya wuyan ka duba ta ciki, nan take fara cinyewa. Duba hammata: tabon gumi da ya yi rawaya ba ya fita, ko ka jiƙa shi kwana uku. Ɗaga ta ka fuskanci rana, duk inda yadin ya sire ko asu ya ci, haske zai tona shi. Wando kuwa hantsa ake fara dubawa, sai bakin ƙafa, sai ka ja zif sama da ƙasa. Kayan yara ka ja robar ƙugu, in ta yi ƙara ko ba ta koma ba, ta mutu. Maɓalli da ɗinkin da ya warware ba komai ba ne, tela zai gyara da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma da su za ka nemi ragi. Ƙonewar guga da zubar bilic ba su da magani.

Akwai waɗanda muke kira sitok, sababbi fil da takardar farashi a jiki, ragowar shagunan Turai da lokacinsu ya wuce. Suna da kyau, amma takarda ba wuyar maƙalawa gare ta ba. Hannunka ya fi takarda gaskiya: murza yadin, ka juya ka ga ɗinkin ciki.

Sai abin da ya fi ba ni takaici in na ga yara suna yi: sayen kaya don sun burge su, sun manta garin da suke. Nan Sakkwato ne. Daga Maris zuwa Mayu, zafin da ya haura digiri 40 ba ya barin mutum ya sa yadin leda, auduga ake nema. Gajeren siket da riga mai tsukakken jiki ko kyauta aka ba ka, nauyi ne. Dogayen riguna, kayan yara, labule, zanen gado, safa, waɗannan ba sa kwana. Rigar sanyi da bargo kuma a tsakiyar zafi ake sayensu, lokacin da mai su ya ƙosa ya rabu da su. Ka wanke, ka shanya su bushe sarai, ka ɗaure a inda damina ba za ta taɓa su ba. Hunturu na kamawa a Disamba, 'yan kabu-kabu da masu gadi da iyayen yara za su zo da ƙafarsu, ko kiran ciniki ba sai ka yi ba.

In kuma ka ga aibi a riga, nuna wa mai saye kafin ya biya. Ka san hadisin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, da abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa masa. Matar da ka nuna wa ɗan tabo ka rage mata, ita ce za ta kawo maka maƙwabtanta ana jajibirin Sallah.

Gobe in Allah ya kai mu, kai za ka yanke maɗaurin wadda muka saya. Ka ware ta kashi uku kafin in iso, kada ka sa wa komai kuɗi, zan zo in ga abin da ka ɗora a hanga.