Tambaya da Amsa: Me ya kai masaniyar tattalin arziki teburin sauyin yanayi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ina karanta tattalin arziki a jami'a, rannan a aji malaminmu ya ambaci wata Bafaranshiya mai suna Laurence Tubiana wai tana cikin waɗanda suka ƙulla yarjejeniyar Paris ta sauyin yanayi kuma wai fanninmu ta karanta. Abin ya ɗaure min kai gaskiya, ni a zatona wannan aikin masana kimiyya ne masu auna zafi da ruwan sama. Me ya haɗa kifi da kaska? Don Allah a ba ni tarihin aikinta.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, na ji daɗin tambayar nan sosai. Masana kimiyya su ne za su gaya miki duniya na ɗumama kuma hayaƙin fetur da kwal da gas ne sila, to amma daga nan sai a zo kan wa zai rage, nawa zai rage, wa zai biya kuɗin, kin ga kuwa an shigo gonarku.

An haifi Tubiana a 1951 a birnin Oran na Aljeriya lokacin ƙasar na hannun Faransa, daga baya iyayenta suka koma Faransa da ita. Ta yi karatu a jami'ar Sciences Po a Paris, ta yi digirin dakta a tattalin arziki, kuma ba da maganar yanayi ta fara ba, da noma ta fara. Ta daɗe tana bincike a INRA, cibiyar binciken aikin gona ta Faransa, ta kuma kafa wata ƙungiya Solagral mai duba cinikin abinci tsakanin ƙasashe masu kuɗi da marasa ƙarfi. Ni a ganina wannan mafarin ne ya gyara mata ido, don wanda ya shekara yana kallon yadda farashin hatsi a kasuwar duniya ke taɓa ƙaramin manomi ba zai ɗauki lissafin takarda a matsayin komai da komai ba. Daga 1997 zuwa 2002 ta zama mai ba firaminista Lionel Jospin shawara kan muhalli, a 2001 ta kafa IDDRI, cibiyar bincike kan ci gaba mai ɗorewa, sai a 2014 aka naɗa ta wakiliyar Faransa ta musamman don shirya COP21, taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi da ya haifar da yarjejeniyar Paris.

Nan ne ainihin labarin. Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta ɗora wa ƙasashe masu arziki kaɗai adadin da za su rage, Amurka ba ta taɓa tabbatar da ita ba. Taron Kofenhagen na 2009 kuma ya watse baram-baram. To a Paris sai aka juya abin, kowace ƙasa ta zo da nata alƙawarin da bakinta, a rubuta kowa ya gani, duk shekara 5 a dawo da wanda ya fi na baya ƙarfi, burin kuma shi ne kada ƙarin zafin ya kai digiri 2 sannan a yi ƙoƙarin tsayar da shi a 1.5. Tubiana ta yi ta yawo ƙasa-ƙasa fiye da shekara tana sauraren kowa, a wurin taron ma a Le Bourget da ke gefen Paris an santa da takalmin kambas ɗinta tana zirga-zirga daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ranar 12 ga Disamba 2015 saura ƙiris abin ya lalace saboda kalma ɗaya tak, a sashe na 4 an rubuta kalmar da ke nufin "dole ne" maimakon "ya kamata" a kan ƙasashe masu arziki, tawagar Amurka ta ce da wannan kalmar sai an kai wa majalisar dattawansu, kuma kowa ya san can za ta mutu. Aka yi ta ƙus-ƙus, ƙarshe aka sanar cewa kuskuren rubutu ne aka gyara, sannan shugaban taron, Laurent Fabius, ya buga 'yar koriyar gudumarsa alamar an amince da yarjejeniyar. Ki duba fa, aikin shekaru ya rataya a kan kalma guda.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ina bin labaran Faransa, na ga su kansu da suka ƙara harajin mai don rage hayaƙi talakawa suka fito titi. Ba wannan ya nuna masanan nan sun gaza ba?

AMSA: Ɗan'uwa barka kadai, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarka. Mafi yawan masana tattalin arziki sun yarda cewa hanya mafi arha ita ce a sa wa hayaƙi farashi, wanda ya gurɓata ya biya. Faransa ta fara harajin a 2014 da Yuro 7 kan kowane tan na hayaƙi, zuwa 2018 ya kai Yuro 44.6. A takarda abin ya yi daidai, amma ka ɗauki mutumin ƙauye da ba jirgin ƙasa a kusa da shi, kullum sai ya tuƙa tsohuwar motarsa mai shan dizal zuwa wurin aiki, shi ne ya fi ji a jikinsa alhali mai kuɗi a Paris ko a jikinsa. Ranar 17 ga Nuwamba 2018 masu zanga-zanga sanye da riguna ruwan ɗorawa suka tare hanyoyi, kafin Disamba ta ƙare gwamnati ta janye ƙarin da za a yi a 2019. Wallahi ba na ganin laifinsu, an ɗora kaya a kan wanda bai da gammo.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake girmama matar nan. Shugaban ƙasa Macron ya kira taron 'yan ƙasa 150 da aka zaɓo ta hanyar canki-canka, ba 'yan siyasa ba, aka ce su nemo yadda za a rage hayaƙi da aƙalla kashi 40 cikin 100 zuwa 2030 idan aka kwatanta da 1990, kuma cikin adalci. Tubiana da wani masani mai suna Thierry Pech ne suka shugabanci kwamitin da ya kula da tafiyar taron. Mutanen suka yi wata da watanni suna sauraren masana suna musu a tsakaninsu, a Yuni 2020 suka fito da shawarwari 149. Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda aka tsarma su da ruwa. Macron tun farko ya ajiye uku gefe, ciki har da rage gudu a manyan tituna zuwa kilomita 110 a awa da harajin kashi 4 kan ribar masu hannun jari. Sun nemi a hana tashin jirgin sama a cikin gida duk inda jirgin ƙasa zai kai ka ƙasa da awa 4, dokar 2021 ta mayar da shi awa 2 da rabi, wanda hanyoyi ƙalilan kawai ya shafa.

Tubiana dai ba ta bar fagen ba, a 2017 ta zama shugabar European Climate Foundation, gidauniyar Turai kan sauyin yanayi. A Yuli 2024 wasu jam'iyyun ɓangaren hagu suka kawo sunanta a matsayin wadda suke so ta zama firaminista, jam'iyyar Mélenchon, ɗaya daga jagororin ɓangaren, ta ƙi amincewa, da ta ga ba a haɗa kai ba sai ta janye da kanta ta koma kan aikinta.