Tambaya da Amsa: Wane irin littafi zan zaɓa wa yarana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Yarana biyu ne, ƙaramar shekararta 4, babban kuma ya kusa cika 10. Ina so su taso da son karatu amma duk littafin da na sayo ko ya ƙare a ƙarƙashin gado ko ƙaramar ta yayyaga shi, shi kuwa babban shafi biyu zai karanta ya ce ya gaji. Ta yaya zan gane littafi mai kyau tun kafin in saya? Daga wata uwa mai yara biyu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana su ya yi musu albarka. Wallahi tambayarki ta min daɗi, don yawancinmu bango muke kallo, in ya yi kyalkyali shikenan sai mu ɗauka, ba ma buɗe ciki.

Bari in fara da ƙaramar. Kafin ki sayi littafin hotuna ki tsaya ki karanta shi tun daga farko har ƙarshe, ba zai ci miki minti biyar ba don galibinsu shafi 32 ne kacal. Kuma ki ɗan furta kalmomin ko da ƙasa-ƙasa ne, saboda 'yar shekara 4 da kunne take karatu, ke ce muryar littafin. In kika ji harshenki yana sarƙewa ko jimla ta yi tsawo har numfashinki ya ƙare to ki ajiye shi. Wanda kike nema shi ne mai amo, mai wata magana da ake ta maimaitawa, wadda bayan dare biyu za ki ji yarinya ta riga ki faɗa.

Daga nan sai ki rufe rubutun da tafin hannunki ki bi zanen kawai. Kin iya gane labarin? Akwai abin da zanen ya nuna wanda rubutun bai faɗa ba? Misali rubutu ya ce yaro na ta neman kyanwarsa bai gan ta ba, amma a kowane shafi ga jelarta can ta leƙo ta bayan kujera ko ta cikin kwando. Irin wannan ne zai sa ta dangwala yatsa tana ihun "ga ta nan, ga ta nan!", ta ji ta san abin da mai labarin bai sani ba, kuma gobe ita da kanta za ta ɗauko miki shi. Maganar yagewa kuwa ba ɓarna ba ce, hannu ne bai gama ƙwarewa ba, akwai masu shafukan kwali mai kauri da aka yi don ƙananan yara, ki fara da su.

Abin da nake yawan jan kunnen iyaye a kai shi ne littafin da wa'azi ya fi labari yawa. Tarbiyya muna so, sosai ma, amma in tun shafin farko aka nuna yaron kirki da ba ya kuskure ko ɗaya sannan aka jero nasiha har ƙarshe, yara suna ganewa kuma ba sa komawa. Gara wanda yaron ciki ya yi ƙarya, cikinsa ya ɗuri ruwa, ya rasa inda zai sa kansa, sannan ya gyara.

Shi kuma babban, ina zargin littattafan sun fi ƙarfinsa ne ko kuma ba shi ya zaɓa ba. Akwai dabarar yatsu biyar da malamai ke amfani da ita: ki buɗe tsakiyar littafin ya karanta shafi ɗaya a bayyane, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa. In bai lanƙwasa ko ɗaya ba ya yi masa sauƙi, biyu zuwa uku daidai ne, in ya kai biyar to ki bar shi sai gaba, ko ke ki riƙa karanta masa babi ɗaya kullum, don ɗan shekara 10 bai wuce a karanta masa ba. Ki nemi littafin labari mai gajerun babi wanda jarumin sa'ansa ne ko ya ɗan girme shi kaɗan, kuma ki tambaye shi me yake so, ƙwallo ne, dabbobi, bincike, ban dariya? Ki tace guda uku da kika yarda da abin da ke cikinsu sai ki bar shi ya ɗauki ɗaya. In labarin zane irin na katun ya ɗauka kar ki hana, karatu ne shi ma.

In na Turanci kike dubawa, lambar yabo a bango tana taimakawa. Newbery tun 1922 ake bayar da ita a Amurka don rubutun yara, Caldecott kuma tun 1938 don zane, sai Carnegie ta Birtaniya da aka kafa a 1936. Amma lamba ba ta san ɗanki ba, wasu masu lambar suna taɓo mutuwa ko yaƙi ko abin da bai dace da gidanki ba, dole dai ki leƙa da idonki.

Kar kuma ki manta da harshen da suke ji a gida, musamman ƙaramar. A intanet akwai African Storybook, suna da labaran yara masu hotuna kyauta a harsunan Afirka da dama har da Hausa, kina iya saukewa a waya ki gwada mata guda biyu-uku ki ga wanne ta ce a sake, sai ki nemo irinsa na takarda.