Fatawa: Mai asma ta fesa inhela da rana a watan Ramadan, azuminta yana nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mace ce, ina zaune a Aboabo nan Kumasi, sana'ata damun koko da suyar ƙosai. Cikin azumi da la'asar nake hura wuta saboda masu buɗa-baki. Ina da asma tun ina budurwa. Bara hazon hunturu da hayaƙin itace suka haɗe mini, ƙirjina ya ɗaure har kwana uku daban-daban, na fesa Ventolin da rana. Malamar islamiyyarmu ta ce azumina ya karye, wani malami kuma ya ce babu komai. Bana tsoro ya sa nakan daure, ba na fesawa sai an kira magariba. Sannan idan na fesa, gabana yana bugawa, hannuna yana rawa. Maƙwabciyata ta ba ni wata ƙwaya mai suna propranolol, ta ce ita ke kwantar mata da bugun gaba, in riƙa sha da sahur. Malam, mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Da ƙarshen tambayarki zan fara, domin can ne rai yake. Ƙwayar nan ta maƙwabciyarki, kada ki sha ko da guda ɗaya. Ki mayar mata, ki yi mata godiya, don alheri ta nufa. Dalili kuwa yana cikin yadda Allah Ya tsara jikin ɗan Adam, kuma shi ne zai buɗe mana hukuncin azumin ma.

A jikinmu akwai wasu jijiyoyi da ba sa jiran umarninmu. Wani sashe nasu shi ke tayar da jiki idan an firgita. Ki tuna ranar da trotro ya taho miki a guje kina tsallaka titi wajen Kejetia: zuciya ta hau dukan uku-uku, baki ya bushe, ido ya buɗe, numfashi ya faɗaɗa, ƙafa ta sami ƙarfin da ba ki san kina da shi ba. Wannan aikin waɗannan jijiyoyi ne tare da sinadarin adirenalin, wanda wata 'yar tsoka da ke saman ƙoda take zubawa cikin jini. Adirenalin kamar mabuɗi yake, gaɓoɓi kuma kowacce da irin kwaɗonta. Likitoci sun raba kwaɗon nan gida biyu tun 1948, alfa da beta, daga baya aka gane beta ma iri-iri ce. Beta-1 ta fi yawa a zuciya, idan an taɓa ta zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi. Beta-2 tana jikin bututun iska na huhu, idan an taɓa ta tsokar da ta shaƙe bututun sai ta saki.

Maganin da ke cikin Ventolin, salbutamol, an haɗa shi a Ingila cikin shekarun 1960 don ya buɗe kwaɗon beta-2. Shi ya sa cikin minti biyar kike jin ƙirji ya saki, kuma aikinsa yakan kai awa huɗu zuwa shida. Rawar hannu da bugun gaba da kike ji daga nan suke, domin tsokar hannu ma tana da beta-2, kuma maganin yakan ɗan leƙa wajen zuciya. Yawanci ba sa daɗewa. Shi kuwa propranolol aikinsa toshe ƙofofin beta ne, ba ya bambanta ta zuciya da ta huhu. Magani ne mai amfani ga wanda likita ya rubuta wa, wanda ya ƙirƙiro shi ma, James Black, ya sami kyautar Nobel a 1988. Amma ga mai asma yana iya ɗaure ƙirji, kuma mafi muni, ki ɗauko inhela ki fesa ta tarar da ƙofa a kulle. Har maganin ɗigawa a ido na hawan ruwan ido mai suna timolol danginsa ne, don haka duk likitan da za ki gani, ko na ido ne, ki fara gaya masa kina da asma. Shan abin da mutum ya san zai iya halaka shi haramun ne, Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada ku kashe kawunanku.

To, sai batun azumi. Malamarku ba ta faɗi daga kanta ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, wadda a kanta mafi yawan zangunanmu suka tashi, abin da ya isa maƙogwaro ta baki ko hanci ko kunne ko ido yana ɓata azumi, kuma malamai sun sa hayaƙin turaren wuta da tururin tukunya a ciki idan mutum ya shaƙa da gangan har ya kai maƙogwaro. Suna kafa hujja da hadisin Laƙiɗ ɗan Sabira, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya kai matuƙa wajen shaƙa ruwa a alwala sai dai idan yana azumi. Wanda ya auna inhela da turaren wuta zai ce ta karya. Daga malaman zamani, Shehu Wahba Az-Zuhaili yana cikin masu wannan ra'ayi.

Ɗaya ɓangaren, irin su Shehu Ibn Baz da Shehu Ibn Usaimin, sun ce ba ta karyawa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke Jidda ta zauna a 1997 ta yanke cewa allurar da ba ta abinci ba, da iskar oksijin, da ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe don ciwon zuciya ba sa ɓata azumi matuƙar an kiyaye haɗiye abin da ya isa maƙogwaro, amma ta ɗage batun inhela. Sai a zamanta na Madina a 2018 ta yanke cewa ba ta ɓatawa.

Akwai wata hujja da nake yawan ji a bakin masu wa'azi wadda ban yarda da ita ba, cewa wai duk maganin huhu yake tafiya, ba abin da ke shiga ciki. Ba haka ba ne. Idan an fesa kai tsaye a baki, mafi yawansa a baki da maƙogwaro yake sauka, a haɗiye shi da yawu. Hujjar da ta tsaya ita ce ƙanƙantarsa. Fesa ɗaya maikirogiram 100 ce, wato kashi ɗaya cikin goma na miligiram. Gwangwanin yana da fesa 200, ki haɗa su duka ki sami miligiram 20, kusan nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya. Ki raba ƙwayar shinkafa gida ɗari biyu, ki ɗauki kashi ɗaya ko biyu. Danshin da ke saura a baki bayan kurkure baki a alwalar azahar ya fi wannan nesa ba kusa ba, haka abin da ke fita daga asawaki, kuma shari'a ta yafe su. Littattafanmu na Malikiyya da kansu sun yafe ƙurar hanya, da ƙurar gari ga mai niƙa, saboda wuyar kauce musu. Mai turaren wuta yana iya ture kasko ya zauna lafiya. Mai asma idan ƙirji ya ɗaure ba ta da wannan zaɓi. Sannan azuminki ya ƙullu da yaƙini, shakka ba ta warware shi.

Saboda haka abin da ya rinjaya a wurina: fesa inhela irin taki ba ya karya azumi. Kwanakin nan uku na bara, idan kin riga kin rama, Allah Ya karɓa, idan ba ki rama ba babu laifi a kanki. Wanda zuciyarsa ta fi natsuwa da ramuwa don fita daga saɓani, ya rama bayan salla, ban hana ba. Kaffara kuwa babu ita a kowane ra'ayi, domin marar lafiya ke.

Abin da ba saɓani a kansa shi ne daurewar da kike yi har magariba. Wannan kuskure ne, ki bar shi daga yau. Ko a wurin malaman da suka ce inhela tana karyawa, idan numfashi ya tsananta har ana tsoron halaka, wajibi ne ki fesa, daga baya ki rama. Ayar Baƙara ta 185 ta ba marar lafiya rangwame, ta ce Allah sauƙi Yake nufi da ku. Inhelarki ta zauna a ɗaurin zaninki ko kusa da murhu, ba a ɗaki cikin jaka ba.

Idan kin fesa bai saki ba, ko kin kasa ƙarasa jimla ɗaya ba tare da tsayawa ba, a kai ki asibiti nan take, Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa. Na'urar tururi da suke ɗaura wa mutum a fuska ruwanta yana da yawa, kuma ana ɗaukar mintuna ana shaƙa, don haka ranar ki ɗauka kin sha azumi, ki rama. Allurar jijiya ko ta tsoka wadda ba ta abinci ba, ba ta karyawa. Ƙwaya ko ruwan magani da aka haɗiye yana karyawa.

Ki koma wurin likita kafin watan ya yi nisa. Mai buƙatar inhelar gaggawa fiye da sau biyu a mako, asmarta ba ta kwanta ba, akwai wata inhela ta rigakafi da ake yi safe da yamma, wadda za ki iya yi da sahur da bayan buɗa-baki. Ki tambaye su bututun roba da ake haɗawa da bakin inhela, yana ƙara abin da ke isa huhu, ya rage wanda ke sauka a maƙogwaro. Ki gaya masa batun bugun gaban shi ma. In da hali, ki koma gawayi ko gas a watan nan, ko ki bar wa yara hura wuta, ke ki zauna ta inda iska ke ba ki baya.

Wallahu a'alam.